Lokacin da Gana ta tallafi Gini



A Satumban 1958 'yan Gini suka kaɗa ƙuri'ar rabuwa da Faransa. Faransa ta fusata, ta kwashe ma'aikatanta da kayan aiki, ta yanke tallafi. Gana, wadda ba ta cika shekara biyu da samun 'yanci ba, ita ta kawo ɗauki: Kwame Nkrumah ya ba Gini rancen fam miliyan 10.

Da sojoji suka hamɓarar da shi a 1966, Sekou Toure ya karɓe shi a Konakiri, har ya naɗa shi abokin shugabancinsa.

To yau fa? Bayan juyin mulkin Nijar a 2023, Najeriya ta yanke mata wutar lantarki, talakawa suka kwana cikin duhu. Da Nkrumah na raye, me kuke ganin zai ce?