Amsoshin Wasiƙunku: Me Ya Sa Motocin Yanzu Ke Lotsewa Kamar Gwangwani?

TAMBAYA: Wannan wasiƙa ta fito ne daga wani mai sauraronmu a garin Daddara, cikin ƙaramar hukumar Jibiya ta jihar Katsina. Ya ce shi direban motar haya ne, yana jigila tsakanin Katsina da Magama, wata rana har Maraɗi. Gardama ce ta sarƙe a tasharsu. Wasu na cewa tsofaffin motoci sun fi na yanzu tsare rai saboda kaurin ƙarfensu, na yanzu kuwa da an taɓa su sai su lotse kamar gwangwanin madara. Yana so a raba musu gardama, a kuma gaya masa ko gudun 120 ya fi na 80 haɗari ƙwarai.

AMSA: To malam direba, mun gode da wasiƙarka. Bari mu fara da tambayar ta biyu, domin ita ce uwar ta farkon.

Duk abin da ke tafiya yana ɗauke da wani ƙarfi, kuma ba zai tsaya ba sai ƙarfin nan ya ƙare a wani wuri, ko a birki, ko a jikin bishiya, ko a jikin mutum. Abin da yawancin direbobi ba su sani ba shi ne yadda yake ƙaruwa. In ka ninka gudu sau biyu, shi sau huɗu yake ninkawa. Daga 80 zuwa 120 kuwa, allura 40 kacal ta ƙara, amma ƙarfin ya ninka fiye da sau biyu.

Alal misali, ka baro Daddara ka nufi Katsina, sai saniya ta ɓullo kan kwalta. A gudun 80 motarka na cin mita 22 a kowace daƙiƙa. Kafin ido ya gani, ƙafa ta bar totur ta hau birki, an yi daƙiƙa guda, in ma ba ka gaji ba ke nan. Daga nan birki mai kyau a busasshiyar kwalta zai ci kamar mita 36. Jimla kusan mita 60. Mai gudun 120 kuwa sai ya wuce mita 110 kafin ya tsaya. Ga inda abin yake da ban tsoro: a daidai wurin da kai mai 80 ka tsaya cak, shi yana nan kan gudun kusan 100, alhali tare kuka ga saniyar. In taya ta suɗe, ko ruwa ya sauka, ko yashi ya hau titi, to lissafin ya wuce haka.

Me ya samu da wannan gudu? A tafiyar kilomita 40, minti 10 ne bambancin. Mun san akwai masu taka mota a wannan hanya saboda fargabar 'yan bindiga, ba ma raina wannan uzuri, amma birki bai san da shi ba. Dokar hanya ta Nijeriya dai 80 ta yanka wa motar haya a babban titi, 50 a cikin gari.

Yanzu sai batun gwangwani. Ka taɓa lura da masu sauke kankana daga mota? Wanda ake jefo wa ba ya sandare hannu, yakan bi ta da hannun ya yi baya kaɗan. In ya sandare, kankanar ce za ta fashe. To lotsewar gaban mota shi ne wannan janye hannun. Da gangan aka ƙera ta haka, gaba da baya su lanƙwashe su shanye bugun a hankali, ɗakin da mutane ke zaune kuma a yi shi da tauri. Kamfanin Mercedes-Benz na Jamus ne ya fara fito da motoci masu wannan fasali a 1959. Motar da ta ƙi lotsewa takan tsaya ne farat ɗaya, bugun duka ya zarce jikin na ciki. Shi ya sa za ka ga mota ta fita da ɗan kwarzane amma an kwashi gawa, wata kuma gabanta ya shige ciki, mutane sun fito da ƙafarsu. Abokanka sun yi gaskiya ta wajen kuɗin gyara, nan tsohuwar mota ta fi sauƙi. Ta wajen rai kuwa ba su da gaskiya.

Sai dai akwai sharaɗi, wato bel. Wani masani ɗan Ingila, Isaac Newton, ya rubuta tun 1687 cewa abin da ke tafiya zai ci gaba da tafiyarsa har sai wani abu ya tare shi. Mota ta bugi bishiya ta tsaya, kai ba ka tsaya ba. Kana nan kana gudun da take yi har sai ka gamu da sitiyari ko gilashi. Karo a gudun 50 kawai daidai yake da faɗowa daga tsayin mita 10, kamar bene mai hawa uku. Masu cewa za su dafe da hannu su auna wannan. Uwar da ta rungume jariri mai kilo 10 a kujerar gaba, a wannan ƙiftawar ido nauyinsa kan koma kamar kilo 200, wato manyan buhunan masara biyu. Babu hannun da zai riƙe shi.

Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta fara tilasta ɗaura bel a Janairun 2003. Mun kuma san yadda wasu ke yi, a rataya shi in an hango jami'ai, a sake shi in an wuce. Su kuma masu ɗora fasinja biyu a kujerar gaba, bel ɗaya wa zai ɗaure?

Ka kuma waiwaya bayanka ranar kasuwa. Buhun da aka ɗora ba a ɗaure ba, da fasinjan da ke zaune bayan kujerarka ba bel, duk dokar nan ta Newton ta hau kansu. In mota ta tsaya farat ɗaya, gaba za su yo, kuma kai ne a gaban.

A gaishe mana da abokan gardama na tasha.