Dajin Bakin Mahaifa: Me Ke Hana Mata Zuwa Gwaji?

A Nijeriya, in ban da dajin nono, babu ciwon dajin da ya fi kama mata kamar na bakin mahaifa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2020 ya kama mata wajen 12,000 a ƙasar nan, ya kashe wajen 8,000.

Wata ƙwayar cuta mai suna HPV ce take jawo shi. Ana ɗaukarta wajen saduwa. Yawancin mata jikinsu yakan kashe ta da kansa. A jikin wasu kuwa sai ta zauna, tana ɓata bakin mahaifa sannu a hankali. Yakan kai shekara 15 zuwa 20 kafin ya zama daji. Duk tsawon lokacin nan mace ba ta jin ciwon komai.

To, a nan matsalar take. Idan aka ce wa mace ta je gwaji, sai ta ce ai lafiyarta ƙalau. Alhali kuwa mai lafiya aka yi gwajin dominta. Wata kunya ce take hana ta, tana tsoron namiji ne zai duba ta. Tana da damar ta ce ma'aikaciya mace take so. Wata kuma tana gudun a yi mata kallon mazinaciya. Wannan kuskure ne, don macen da ba ta san kowa ba sai mijinta ma tana iya kamuwa. Ga kuma masu cewa jifa ne, ko daji ba ya son allura. Ana ta jiƙe-jiƙe a gida har lokaci ya ƙure.

Gwajin ba ya wuce 'yan mintoci. Ma'aikaciya za ta shafa ruwan khal a bakin mahaifa. Inda ya fara lalacewa sai ya yi fari. Sau da yawa a ranar ake ƙone wurin da wata 'yar na'ura, mace ta koma gida.

Ana so mace ta fara gwaji daga shekara 30, mai ƙanjamau kuma daga 25. Wadda ta ga jini bayan saduwa, ko bayan ta daina al'ada, ko ruwa mai wari, kada ta jira. Maigida ya ba da izini, ya kuma ba da kuɗin mota.

Tun watan Oktoba na 2023 gwamnati ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 allurar riga-kafin HPV kyauta. A tambaya a asibitin sha-ka-tafi mafi kusa.