Me Ya Sa Kiɗan DJ Ke Sarƙewa a Tsakiyar Biki?

Duk wanda ya saba zuwa biki tsakanin Samaru da Sabon Gari a Zariya ya san irin shirun nan. Ango da amarya sun fito fili, ƙawaye sun kewaye su, an fara liƙi, sai waƙa ta kama in'ina, ta maimaita gaɓa ɗaya sau biyar, ta ɗauke ɗif. Idanu su koma kan DJ, shi kuma ya sunkuya kan kwamfuta yana danne-danne. Washegari hukuncin da zai yanke ɗaya ne: kwamfutar ta tsufa, sai an sayi sabuwa. Sau da yawa hukuncin nan zalunci ne. Kwamfutar da ake zagi an ɗora mata aikin da ya kamata a gama tun a gida, a cikin zafi da ƙura, wani lokacin ma da cajar da ba tata ba.

Sana'ar tana da kasuwa a wannan yanki. Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka kafa a 1962, tana yaye ɗalibai kowace shekara, kuma ba a yaye su shiru. Ga ma'aikatan cibiyar fasahar sufuri ta NITT da cibiyar binciken sinadarai ta NARICT a kan titin Basawa, ga iyalan sojojin bariki, ga kamu da wuni da dina daga Palladan har Hanwa, musamman gab da azumi da bayan Sallah da watan Disamba. Galibin matasan da ke wannan kiɗa da kwamfutar hannu suke yi, irin su HP EliteBook da Dell Latitude waɗanda suka gama aikin ofis a Turai kafin su iso kasuwarmu. Manhajar da aka fi gani a kansu ita ce VirtualDJ, wadda kamfanin Atomix ya fitar a 2003, sai Serato ta ƙasar New Zealand da rekordbox ta Pioneer. Dukansu hali ɗaya gare su: suna buƙatar kwamfuta ta cika alkawari a kan lokaci, sau da dama a cikin kowane sakan.

Ga yadda abin yake. Waƙar da aka naɗa a ma'aunin faifan CD tana ɗauke da ɗigon sauti 44,100 a kowane sakan. Manhaja ba ta tura su ɗaya-ɗaya. Tana tara su a wata 'yar ma'ajiya da ake kira bafa, idan ta cika ta miƙa wa kwantirola, wato na'urar da DJ ke sarrafa kiɗa da ita, ta koma ta ciko wata. Ɗauki leburori masu ɗaukar kankare ranar zubin dakin: in kwanukansu ƙanana ne, sai sun yi ta safa da marwa a guje, mutum ɗaya ya yi tuntuɓe zubi ya tsaya, in kwanukan sun fi girma, sawu ya ragu, an samu sararin numfashi, sai dai kowane kwano ya ɗan jima kafin ya iso. Idan bafa tana kan ɗigo 128, dole kwamfuta ta ciko ta kusan sau 345 a sakan, kowane sawu bai kai milisakan 3 ba. Ta makara sau ɗaya, sai a ji ƙas a sifika. Ta makara a jere, waƙa ta sarƙe. Idan aka mai da ita 512, sawun ya koma 86, kowanne yana da milisakan 11.6.

Matasa da yawa suna janye wannan ma'auni zuwa ƙasa can, don sun ga gwanayen karce faifai a YouTube suna cewa jinkiri abokin gaba ne. Ga mai karce faifai, gaskiya ne. Amma wa ke karce faifai a wajen kamu? Milisakan 11.6 shi ne lokacin da sauti ke ɗauka ya yi tafiyar mita 4 a cikin iska, wato DJ ɗin da ke tsaye mita 4 daga sifikarsa tuni yake aiki da wannan jinkiri bai taɓa ƙorafi ba. Tsohuwar kwamfuta a sa mata 512, in ta ci gaba da ƙas-ƙas a kai ta 1024. Kuma a kan Windows a ɗora direban ASIO na kamfanin da ya ƙera kwantirolar, domin shi ne ke bai wa manhaja hanya kai tsaye zuwa na'urar sauti.

Abu na biyu ya fi wannan yawan kunyata mutane. Duk waƙar da manhaja ba ta taɓa gani ba, sai ta karanta ta daga farko har ƙarshe, ta lissafa saurin bugunta, ta gano maɓallinta, ta auna ƙarfinta, ta zana hoton sautin nan mai launi da ke gudana a allo. Aiki ne mai cin ƙarfin furosesa, amma sau ɗaya ake yin sa, sakamakon ya zauna a ajiye. Tambayar ita ce a ina za a yi shi. Wanda ya kwaso waƙoƙi 300 daga wayar abokinsa ranar Juma'a da dare, bai buɗe su ba sai a fili ranar Asabar, ya tilasta wa kwamfuta ta yi wannan lissafi alhali tana kunna waƙa biyu. Ba a fafe gora ranar tafiya. A Serato, maɓallin nazarin waƙoƙi yana bayyana ne idan an cire kwantirola. A VirtualDJ ana zaɓar waƙoƙin folda gaba ɗaya a ba da umarnin a duba bugunsu. A rekordbox ana iya kashe nazarin da take farawa da kanta da zarar an shigo da sabuwar waƙa. A bar kwamfuta a caji ta kwana tana yi. Ita kuwa filashin da ƙanwar amarya ke miƙowa ana tsakiyar rawa, a kwafi waƙar da take so kaɗai, kada a buɗe wa manhaja filashin duka.

A nan akwai abin da masu rubuta waɗannan manhajoji ba su yi da mu a zuciya ba. Waƙoƙin su Ado Gwanja da Hamisu Breaker da Umar M. Shareef a situdiyo aka haɗa kiɗansu da kwamfuta, bugunsu a miƙe yake, duk da cewa kiɗa mai taku uku-uku kan ruɗe manhaja ta ba da rabin saurin ko ninkinsa. Gyaran minti ɗaya ne da hannu, kuma ta riƙe shi. Amma ka ɗora mata Mamman Shata ko Barmani Choge, inda hannun mutum ne ke kaɗa kalangu da ƙwarya, kiɗa yana ƙara wuta in amshi ya yi daɗi, sai layukan bugun da ta zana su kauce kafin a yi nisa. rekordbox tana da salon nazari na musamman don kiɗan da saurinsa ke canzawa, kuma wasu kan kunna shi a kan dukan waƙoƙinsu. Ɓata lokaci ne. A ware wa tsofaffin waƙoƙi folda tasu, a bar kunne ya yi aikinsa. Iyayen biki ma da suka nemi a sa musu Barmani ba haɗi suke jira ba, so suke a bar waƙar ta kai ƙarshe.

Sai sabon yayi, wato raba murya da kiɗa nan take, wanda VirtualDJ ta shigo da shi a tsakiyar 2020, Serato ta biyo a ƙarshen 2022 da sunan Stems. Abin burgewa ne ka cire muryar mawaƙi mata su ci gaba da rerawa da bakinsu. Sai dai fasahar ƙirƙirarriyar basira ce ke aikin, kuma an gina ta ne don sabbin kwamfutoci masu ƙarfin da kwamfutar ofis ta 2016 ba ta da shi. Idan an bar saitin a kunne kullum, kowace waƙa da aka ɗora sai furosesa ta yi nishi. Ko dai a kashe shi, ko a zaɓi waƙoƙi 40 ko 50 da ake buƙatarsa a kansu a raba su tun a gida, a yarda su ci wuri a rumbu.

Yanzu rumbun kansa. Akwai DJ ɗin da zai gaya maka yana da waƙa 40,000, yana faɗa yana hura hanci. Bikin awa 6, in kowace waƙa ta ci minti 3, waƙa 120 ke nan. Buɗe rumbun nasa ka gani: waƙa ɗaya kwafi huɗu, ɗaya daga Xender, ɗaya daga WhatsApp, ɗaya daga mai tura waƙoƙi a kasuwar Sabon Gari, kowace da sunan shafin intanet a maimakon sunan mawaƙi. Wasu ma bidiyo ne, manhaja tana wahalar buɗe hoto alhali sauti kaɗai ake so. Wasu sun yanke a wajen saukewa, kuma irin waɗannan lalatattun fayiloli kan daskarar da manhaja. Serato tana sa musu alama, a goge su ba tausayi. Duk tarkacen nan sai manhaja ta loda jerinsu in an buɗe ta, ta kuma ratsa su in ana neman waƙa.

Inda aka ajiye su ma magana ce. Faifan ajiya na waje mai juyawa sau 5,400 a minti yana da allura da ke yawo tana neman fayil, kuma girgizar bes a kan tebur ɗaya da sifika tana dagula mata lissafi. Ga wayarsa da ke kwancewa in an taɓa ta, abin da kan lalata kundin bayanan da manhaja ke ajiyewa a kan faifan. Faifan SSD kuwa ba shi da abin da ke motsi, yana gano fayil cikin ƙasa da milisakan ɗaya. Waƙar minti 5 a mafi ingancin MP3 megabait 12 ce, ke nan waƙa 10,000 gigabait 120 ne, SSD mai 256 ya ɗauke su har da saura. A ganina, wanda ke da kuɗin gyara ɗaya tak, nan zai kai su, in an samu rara a ɗaga RAM zuwa gigabait 8.

Zariya kuma tana da nata harajin. Hunturu yana cusa ƙura a fankar kwamfuta daga Disamba zuwa Fabrairu, bazara ta iso a Maris da Afrilu da zafin da ke dosar digiri 40. Furosesa in ta kusa digiri 100 takan rage gudunta da kanta don kada ta ƙone, shi ya sa kwamfutar da ta yi lafiya lau a awa ta farko take fara in'ina a ta uku, daidai lokacin da fili ya cika. Masu kwalliyar wurin biki suna ƙara wa abin gishiri da ƙyallen da suke shimfiɗa wa teburin DJ, wanda ke toshe ƙofofin iskar da ke ƙasan kwamfuta. A ɗaga ta a kan maɗori, a kai ta wajen mai gyara ya hure ƙura ya sabunta man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen sanyaya ta, ko sau ɗaya ne a shekara bayan hunturu. Caja ma ba a raina ta: kwamfutocin Dell in ba su gane cajar da aka sa musu ba sukan rage gudun furosesa. Haka nan idan NEPA ta ɗauke ana jiran janareta ya tashi, kwamfuta takan koma tsarin tattalin batir ta rage ƙarfi, sai fa in an shiga saitin wuta na Windows an zaɓi cikakken ƙarfi a caji da kuma a batir, an hana ta kwantar da ƙofofin USB.

Saura 'yan kutse na cikin gida: Chrome da aka bari a buɗe, OneDrive, sabuntawar Windows da ke farawa da zarar ta ji intanet. Windows tana yarda a dakatar da sabuntawa har mako 5. A kashe Wi-Fi da Bluetooth kafin a fara. Riga-kafin bairos kuwa ban ga hikimar cire shi ba ga mutumin da filashin kowa ke shiga kwamfutarsa. A dai bar shi ya yi babban bincikensa a gida. Wanda kuma ke aiki da manhajar da aka fasa, ya sani bai san abin da aka cusa a cikinta ba, kuma babu saitin da zai gyara wannan. Manhajar Mixxx kyauta ce gaba ɗaya, kwantirola irin DDJ-FLX4 kuma tana aiki da rekordbox da Serato DJ Lite ba tare da ƙarin kuɗi ba.

DJ ɗin da ke da biki ranar Asabar ya yi gwajinsa ranar Laraba: ya haɗa kayansa duka da tsakar rana, ya yi kiɗan awa 2 yana duba nauyin furosesa, ya zare caja a tsakiya ya ga abin da zai faru. In ya canza saiti, ya canza ɗaya ya saurara kafin ya taɓa na gaba. Kwamfutar da ta sarƙe bayan duk wannan, ita ce ta cancanci a kai ta kasuwa.