Bikin Mutanen Ailan: Abin Da Duniya Ta Ɗauka Da Yadda Yake A Gida

Kowace shekara idan ranar 17 ga watan Maris ta zagayo, sai a ga hotunan dubban Turawa sanye da koren tufafi suna fareti a manyan biranen duniya, ana kiɗa ana shan giya, a ce wai bikin mutanen ƙasar Ailan ke nan. A birnin Shikago na Amurka ma har rina kogi ake yi ya koma kore shar, kuma tun 1962 ake yin haka. To, jama'a, mafi yawan abin da ake gani ɗin nan ba a Ailan aka haife shi ba. 'Yan ci-rani ne suka ƙago shi a bakin duniya.

Shi wanda ake bikin dominsa, watau Waliyyi Patrick, ba ma haifaffen Ailan ba ne. A Birtaniya aka haife shi zamanin mulkin Rumawa. Yana ɗan shekara 16 mahara suka kama shi suka ƙetare teku da shi, ya yi shekara shida yana kiwon dabbobi cikin bauta kafin ya gudu. Daga baya ya komo yana wa'azin addinin Kirista a ƙarni na biyar. Labarin da ake bayarwa cewa shi ya kori macizai daga tsibirin kuwa, almara ce, don masana sun tabbatar tun ƙarshen zamanin ƙanƙara maciji bai taɓa zama a can ba. Har ila yau launin da aka fara dangantawa da shi shuɗi ne. Kore ya yi ƙarfi ne tare da gwagwarmayar neman 'yanci, musamman tawayen 1798.

A gida, wannan rana ta ibada ce tun asali. Sai a 1903 aka mai da ita ranar hutu, kuma daga 1927 har wajen 1960 doka ta hana buɗe gidajen giya a ranar. Mutum ya je coci da safe, ya maƙala ɗan ganyen nan mai kunne uku da suke kira shamrok a ƙirjin rigarsa, ya koma gida ya ci abinci da iyalinsa, shi ke nan. Fareti kuwa, a New York an fara shi tun 1762, alhali a Ailan sai 1903 aka yi na farko a garin Waterford. Babban bikin kwanaki da ake yi yanzu a Dublin, a 1996 aka soma shi, kuma jawo baƙi masu yawon buɗe ido yana cikin manufarsa.

Me ya kawo haka? Yunwa. Daga 1845 zuwa 1852 cuta ta lalata dankalin Turawa, wanda shi ne abincin talakan ƙasar. Kimanin mutum miliyan ɗaya suka mutu, wasu kamar haka suka yi ƙaura, yawancinsu zuwa Amurka. Can suka tarar da raini da wulakanci, ana hana su aiki saboda asalinsu da ɗarikarsu ta Katolika. Fareti ya zama hanyar nuna yawansu da haɗin kansu, don 'yan siyasa su san da zamansu. A yau Amurkawa fiye da miliyan 30 ke cewa jininsu na Ailan ne, ita kuwa Jamhuriyar Ailan ƙidayar 2022 ta nuna mutanenta sun ɗan haura miliyan biyar. Ka ga ke nan muryar na waje ta danne ta na gida.

Haka ma abinci. Naman sa mai gishiri da kabeji da ake cewa shi ne abincin bikin, a New York ya samo asali, inda baƙin suka riƙa sayen naman wajen mahautan Yahudawa saboda araharsa. A gida naman alade suka saba haɗawa da kabeji. Bikin Halowin da ake ɗauka na Amurkawa ne kuwa, tushensa tsohon bikin ƙarshen kaka ne na Ailan mai suna Samhain, kuma wata saiwa ce mai suna tanip ake fafewa a sa fitila, sai a Amurka aka koma ga kabewa.

Mu ma a nan muna da alaƙa da zancen, domin a 1961 aka ayyana Patrick a matsayin waliyyin Katolikan Nijeriya, saboda yawan limaman Ailan da suka yi aikin mishan, shi ya sa makarantu da coci-coci da dama ke ɗauke da sunansa.

Darasin a fili yake ga duk mai zaman baƙunci. Maƙwabcinka bai san garinku ba, kai ya sani, kuma da halinka zai auna mutanenku. Abin da baƙo ya yi yau a bainar jama'a, gobe shi za a kira al'adar garinsu, ko ya dace ko bai dace ba. Allah ya sa mu gane.