Tsattsewar Gaɓar Kogi: 'Yar Tsuntsuwar da Damunarmu Ke Yi wa Hukunci

Tsattsewa iri-iri ce. Akwai mai ɗaɓa gidan laka a ƙarƙashin gada ko soron masallaci, akwai kuma wata 'yar ƙarama mai ruwan ƙasa da ke haƙa rami a gaɓar kogi. Wannan ta biyun a Turai take haihuwa, amma kusan rabin shekara a yankinmu na Sahel take yin sa. Ga kaɗan daga cikin al'ajabinta.

Ba ta da auki

Tsawonta bai wuce santimita 12 ba, nauyinta kuwa giram 13 zuwa 14, wato kamar dunƙulen Maggi uku da ɗoriya. Ita ce auta a dangin tsattsewa na Turai. Bayanta ruwan ƙasa, cikinta fari, sai wani zane mai duhu da ya gitta mata ƙirji. Da wannan zanen ake bambanta ta da 'yan uwanta.

Haƙa take yi

Namiji ne ke fara aikin. Zai maƙale a jikin gaɓa mai tsaye, ya yi ta sassaƙar yashi da ɗan bakinsa, yana tura ƙasar baya da ƙafafu. Idan mace ta ga wurin ya yi mata, sai su ƙarasa tare. Ramin yakan kai rabin mita zuwa mita guda, kuma yana ɗan hawa sama kaɗan, don haka ruwan sama ba ya gangarawa ciki. Can ƙurya suke buɗe ɗan ɗaki, su shimfiɗa ciyawa da gashin tsuntsu, mace ta saka fararen ƙwai huɗu ko biyar. Kwanci mako biyu ne, bayan kamar mako uku kuma 'ya'yan sun tashi.

Komai a sama

Sauro, ƙudaje da sauran ƙananan ƙwarin da ke tashi daga ruwa su ne abincinta, kuma a cikin iska take cafke su. Ko ruwa za ta sha ba ta sauka: sai ta yi ƙasa-ƙasa, ta shafi fuskar ruwan da baki, ta wuce abinta.

Uwa da muryar ɗanta

Ba ta zaman kaɗaici. A gaɓa ɗaya sai a ƙirga ramuka ɗaruruwa, wani wurin ma dubbai, kamar yadda ake gani a bakin kogin Tisza na ƙasar Hungari. Yaran da suka fara koyon tashi sukan yi ɓatan kai su faɗa ramin maƙwabta. Masu bincike a Amurka sun gano cewa kafin lokacin ya zo, kowane ɗa ya riga ya samu kukansa na kansa, iyayen kuma sun haddace shi. Baƙon da ya shigo da wata murya, korar sa ake yi.

Ambaliya gata ce

Akwai wata kaska da wata ƙuma da kusan ba su da wurin zama sai ramin wannan tsuntsuwa. Ƙumar takan shafe sanyin hunturu a cikin tsohon rami, lokacin dawowar masu gida ta taru a bakin ƙofa tana jira. Shi ya sa zaizayar da kogi ke yi take yi wa tsattsewar rana: ruwa ya rushe tsohuwar gaɓa da ƙwarinta, ya bar sabuwa fes. Inda aka daɓe bakin kogi da siminti ko duwatsu kuwa, sai ta rasa wurin haƙa, ta koma ramukan masu ɗibar yashi, ko bututun magudanar ruwa a jikin katanga.

Turawa sun ɗauka a laka take kwana

Shekaru aru-aru mutanen Turai ba su san inda tsattsewa ke shiga da hunturu ba. Da yake sukan ga dubbansu sun taru a ciyayin bakin tafki da magariba, kwana kaɗan kuma babu ko ɗaya, sai aka yanke cewa nutsewa suke yi cikin laka su yi barci har sanyi ya wuce. Har Linnaeus, masanin Suwidin da ya sa wannan tsuntsuwa cikin kundin kimiyya a 1758, ya yarda da zancen. Da aka fara ɗaura wa tsuntsaye zobe a ƙafa, an samu tabbacin inda suke zuwa. Wata tsattsewa mai dogon wutsiya, 'yar uwar wannan, da aka sa wa zobe a Ingila a 1911, an same ta a Natal ta Afirka ta Kudu a watan Disamba na 1912.

Zangonta a wajenmu

Ta gaɓar kogi galibi ba ta yin nisa haka. Da ta ƙetare Bahar Rum da Sahara sai ta ya da zango a dausayin Sahel: bakin kogin Senegal, fadamun kogin Kwara a Mali, da Tafkin Chadi. Da rana tana shawagi a kan ruwa, da dare ta kwana cikin ciyayin fadama tare da dubban 'yan uwanta. Gabanin komawa sai ta ci ta tara kitse, domin shi ne guzurin ƙetare hamada. A watan Maris ta isa Ingila, tana cikin sahun farko na tsuntsayen da ke dawowa.

Fari a nan, kufai a can

Wannan shi ne babban abin mamakin. Bayan ƙarancin ruwan da aka yi a Sahel a 1968, masu lura da tsuntsaye a Birtaniya suka ga gaɓoɓi da yawa sun zama kufai a 1969. Farin 1983 zuwa 1984 ya sake maimaita abin, har ma ya fi muni. Lissafin a fili yake: ba ruwa, ba fadama, ba fadama, ba ƙwari, ba ƙwari, ba kitsen ƙetare Sahara. A shekarun nan ne Tafkin Chadi, mai faɗin kusan murabba'in kilomita 25,000 a 1963, ya janye ya bar mafi yawan gadonsa a bushe. A Hungari ma, binciken wani masani, Tibor Szép, ya nuna cewa yawan waɗanda ke dawowa kogin Tisza yana bin yawan ruwan da aka samu a Sahel damunar da ta gabata.

Ƙanana suka tsira

A Sukotland, awon da aka yi bayan farin 1983 zuwa 1984 ya nuna cewa waɗanda suka dawo sun fi na da ƙanƙantar jiki. Da alama a shekarar yunwa, mai ƙaramin ciki ya fi kai labari.

Gajeren rai, saurin farfaɗowa

Yawancinsu shekara biyu suke yi a duniya. Sai dai a shekara mai kyau ma'aurata kan ƙyanƙyashe sau biyu, don haka damuna mai albarka biyu ko uku a jere sun isa su sake cika gaɓa.

Har da Amurka

Irin wannan tsuntsuwa tana haihuwa a Asiya da Arewacin Amurka ma, na Arewacin Amurka kuma Kudancin Amurka suke tafiya cin rani. A Kanada ta yi raguwar da ta sa hukuma ta shigar da ita jerin halittun da ke fuskantar barazana a 2017, kuma cikin dalilan da ake zargi har da ƙarancin ƙwari da rasa gaɓar haƙa.