Yadda Ake Koyar da Yaran Aborijin Ilimin Balaga a Ostireliya

A al'adar yawancin Aborijin, 'yan asalin Ostireliya, akwai zancen maza, akwai na mata, ba a gwamutsa su. Malamin da ya tara 'yan mata da samari a aji ɗaya ya soma bayanin haila, shiru kawai zai ji: kunya ta rufe bakin kowa.

Shi ya sa shirin Mooditj, wanda ƙungiyar SHQ ta birnin Perth ta tsara wa 'yan shekara 10 zuwa 14, yake horar da mutanen gari su koyar da nasu. Ana farawa da asalin yaro da danginsa da yadda zai bi da fushinsa, kafin a zo ga balaga, mutunta juna da cututtukan da ake ɗauka ta jima'i. Inda al'ada ta so, a raba maza da mata.

Abin ba na wasa ba ne. Tunjere ya ɓarke a arewacin Queensland a 2011, ya bazu cikin matasan Aborijin na ƙauyuka masu nisa, har jarirai suka mutu. Mutanen da gwamnati ta taɓa ƙwace wa 'ya'ya kuwa suna da hujjar ɗari-ɗari da baƙo. Don haka kafin a fara koyarwa, dole a nemi yardar dattawa tukuna.