Lissafin Masu Haƙar Kabari

Tun kafin wani likita ko jami'in gwamnati ya buɗe baki, masu haƙar kabari ne suka fara gane cewa akwai abin da ke faruwa a Kano. Diga suke da ita da shebur, sai kuma sanin adadin ramukan da suka saba haƙawa tsakanin asuba da magariba. A tsakiyar watan Afrilun 2020 wannan adadi ya ƙwace musu. A maƙabartar Tarauni da ke kusa da Farm Centre, da ta Gyadi-Gyadi, da ta Dandolo can Goron Dutse, kafin a gama rufe wannan an sauke wata makarar a bakin ƙofa. Da jaridar Daily Trust ta zaga ta tambaye su, sai ta fito da labarin da ya girgiza ƙasar nan: an binne mutum 150 cikin kwana uku.

Mu da ke Hotoro ta waya labarin ya riƙa iso mana, domin a kulle muke. Ranar 11 ga Afrilu aka tabbatar da mutum na farko da ya kamu da korona a jihar, ranar 16 ga wata da daddare kuma Gwamna Abdullahi Umar Ganduje ya rufe gari. Titin Maiduguri, wanda tirela da a-daidaita-sahu ba sa barin sa ya huta, ya yi tsit har kana jin kukan kurciya da rana tsaka. Cikin wannan shirun sai saƙon rasuwa ya riƙa shigowa, wani na bin wani. Da farko sunayen da ba ka sani ba, sannan mahaifin abokinka, sannan limamin da ya ɗaura maka aure. A ƙarshen watan aka rasa Farfesa Ibrahim Ayagi da Farfesa Balarabe Maikaba, ranar 2 ga Mayu Sarkin Rano Tafida Abubakar Ila ya rasu, washegari Jarman Kano Farfesa Isa Hashim ya bi shi. Amma a alƙaluman hukuma, har zuwa makon ƙarshe na Afrilu, waɗanda aka ce sun kamu da korona a Kano ba su kai 100 ba, waɗanda ta kashe kuwa ba su cika yatsun hannu ɗaya ba.

To me ke ɗibar mutane?

Amsar farko da aka fi ji a ƙofar gida ita ce zafi. Ba maganar banza ba ce. Duk Bakano ya san Afrilu, watan da rana ke haura maki 40, wuta ta ɗauke, ɗaki ya koma tanda, kuma tsofaffi sun fi kowa jin jiki. Wasu suka haɗa da azumi. Sai dai ranar 24 ga Afrilu aka ɗauki azumin shekarar, alhali makara ta fara yawa tun kafin a ga wata. Shi kuma zafi baƙon kowace shekara ne. Masu haƙar kabarin nan sun ga bazara ashirin, wasunsu talatin, sun san ƙarin da take kawowa, kuma da bakinsu suka ce ba su taɓa ganin irin wannan ba. Ni wannan shaidar ta fi min ƙarfi a kan duk wani bayani da aka yi a rediyo a lokacin.

Sai aka koma kan sanƙarau. Shi ma da dalili, domin lokacinsa ne, kuma Kano ba ta manta da 1996 ba, shekarar da ya kashe dubban mutane a Arewa, har Asibitin Zana ya cika ya batse. Amma sanƙarau yana da kamanninsa: wuya ya sanƙare, kai ya sara, jijjiga ta biyo baya, kuma yara da matasa ya fi kamawa. Waɗanda ake kaiwa Tarauni da Gyadi-Gyadi kuwa dattawa ne masu furfura, galibinsu maza, 'yan shekara sittin zuwa sama. Da sanƙarau ne, da makarantun allo da gidaje masu yara da yawa ne za su fara kuka.

Gwamnatin jiha ta fito da nata bayanin a ƙarshen Afrilu: hawan jini, ciwon suga, sanƙarau da zazzaɓin cizon sauro. A nan ne lamarin ya fi rikitar da mutane, don kuwa akwai gaskiya a ciki. Ka tambayi iyalan mamatan, da yawa za su ce maka lallai Baba yana da suga, lallai Hajiya tana shan maganin hawan jini. Abin da bayanin bai amsa ba shi ne, waɗannan bayin Allah sun yi shekara goma, wasu ashirin, suna lallaɓa ciwonsu, me ya sa sai a mako biyu ɗin nan za su tafi a tare? Shi kuma sauro, da damina yake cin kasuwarsa, daga Agusta zuwa Oktoba, ba a tsakiyar rani ba lokacin da kwatami ya bushe ƙayau.

Akwai wata amsa da na daɗe ina ganin ita ce gaba ɗayan gaskiyar, saboda na gan ta da idona. Wani dattijo a layinmu, mai fama da suga, jikinsa ya rikice da daddare. Babu a-daidaita-sahu, sai da aka tashi wani maƙwabci mai mota, suka bi ta shingayen jami'an tsaro suna bayani. Asibitin kuɗi na farko a rufe. Na biyu, mai gadi ya leƙo ta ƙaramar ƙofa, da ya ji ana maganar numfashi sai ya ce babu likita. Suka dawo da shi gida, bai kai azahar ɗin washegari ba. Irin wannan ya faru a unguwanni da dama. Masu zuwa wankin ƙoda, masu karɓar magani duk wata, masu naƙuda, kulle da tsoro sun datse musu hanya. Don haka na ce a raina, ashe ba cuta ba ce ke kisa, rufe ƙofa ne.

Amma da na sake tunani sai na ga ban gama ba. Me ya sa mai gadin ya tsorata da jin kalmar numfashi? Kuma me ya rikita jikin dattijon tun farko? 'Yarsa ta faɗa mana daga baya cewa ya yi kwana biyar yana zazzaɓi da busasshen tari, ya daina jin ɗanɗanon abinci, an ɗauka maleriya ce aka sayo masa magani a kemis.

Bakin zaren yana nan kusa da mu, a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da ke titin Zariya, maƙwabcin Gyadi-Gyadi. A nan ne ɗakin gwajin korona ɗaya tilo na jihar yake a lokacin, jihar da ke da mutane fiye da miliyan goma. Kuma a daidai kwanakin da mace-macen suka yi tsanani, an rufe ɗakin gwajin na wasu kwanaki don a yi masa feshi, ga kuma ƙarancin kayan aiki. Wato alƙaluman da ake karanta mana kowane dare ba adadin masu cutar suke nunawa ba, adadin waɗanda aka samu damar gwadawa ne. Wanda ya rasu a gida da hantsi, kafin la'asar an yi masa sutura kamar yadda addini ya koyar, babu gwaji, babu takardar shaidar mutuwa. Bai shiga littafin kowa ba sai na mai haƙar kabari.

Shaida ta gaba jikin ma'aikatan lafiya ne ya bayar da ita. Zafin rana ba ya yaɗuwa daga majiyyaci zuwa likita, hawan jini ma haka. Amma tun a tsakiyar Afrilu wasu daga cikin 'yan kwamitin yaƙi da cutar na jihar suka kamu, a farkon Mayu kuma ƙungiyar likitoci reshen Kano ta sanar cewa likitoci fiye da 30 sun harbu. Da yawansu ba a cibiyar killace masu korona suke aiki ba. A ɗakin agajin gaggawa da wurin ganin likita na yau da kullum suka ɗauka, daga marasa lafiyar da suka zo da abin da kowa ya ɗauka zazzaɓi ne.

Ina so in ɗan tsaya a kan waɗannan mutane, don an zage su da yawa a lokacin. Wata ma'aikaciyar jinya da muke unguwa ɗaya ta kwashe makonni tana kwana a ɗakin zaure. Idan ta dawo daga aiki, a bakin ƙofa take cire takalmi, ta jiƙa kayanta a bokiti, ta yi wanka, sannan ta gaida mahaifiyarta daga nesa. Ƙaramar 'yarta takan tsaya a tsakar gida tana miƙo hannu, ita kuma ta ce mata, "Yi haƙuri uwata, sai an kwana biyu." Takunkumi ɗaya take lallaɓawa fiye da yadda aka ƙayyade, safar hannu wani lokaci da kuɗinta take saya. A unguwa kuma wasu sun daina aiko yaransu gidan. Da gari ya waye sai ta sake ɗaukar jakarta. Waɗanda suka rufe asibitocinsu sun jawo asarar rayuka, ban ɓoye wannan ba, amma wanda aka tura bakin daga babu garkuwa, ban ga ta inda zan fara zaginsa ba.

Jama'ar gari ma ba a zaune suke ba, ko da yake kansu ya rabu. Akwai masu cewa babu korona, cutar masu hawa jirgi ce, ko kuma hanyar cin kuɗi. Wannan rashin yarda yana da tushe: mutanen da suka ga gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a kan yara 200 a 1996, suka kuma ga rikicin rigakafin shan inna na 2003, ba za su karɓi magana daga sama da hannu biyu ba. Duk da haka teloli sun koma ɗinka takunkumi da ragowar atamfa da shadda, bokiti mai famfo ya bayyana a ƙofar shaguna, ranakun Litinin da Alhamis da aka sassauta kulle matasa suka riƙa yi wa tsofaffi cefane. Da shan ruwa kuwa kwanon kunu da ƙosai ta kan katanga yake tsallakawa zuwa gidan ɗan ga-ruwa da mai facin taya, waɗanda sai sun fita suke ci. Zaman makoki na kwana uku, wanda a da ba a wasa da shi, gidaje da yawa suka mai da shi gaisuwa ta waya, da ciwo a zuciya.

Ranar 27 ga Afrilu Shugaba Muhammadu Buhari ya sa dokar kulle ta mako biyu a Kano, ya turo tawagar ƙwararru ƙarƙashin Dakta Nasiru Sani Gwarzo. Aka sake buɗe ɗakin gwaji, Jami'ar Bayero ta buɗe nata, Gidauniyar Dangote ta kafa na tafi-da-gidanka a Asibitin Ƙwararru na Muhammadu Buhari da ke Giginyu, nan bayanmu. Da gwaji ya kankama sai alƙaluma suka yi tsalle, cikin 'yan kwanaki Kano ta zama ta biyu bayan Legas. A farkon Mayu Dakta Gwarzo ya faɗi abin da mutane da yawa ke tsoron ji, cewa korona ce babban musabbabin.

Saura waɗanda aka riga aka binne. Tunda ba za a tone kabari ba, sai aka bi hanyar binciken baka. Jami'an lafiya suka karɓi sunaye a maƙabartu da wurin masu unguwanni, suka bi gida-gida suna zama da iyalai. Bayan gaisuwar ta'aziyya sai tambayoyi: Ya yi zazzaɓi? Kwana nawa? Ya yi tari? Numfashinsa ya riƙa sarƙewa? Akwai wanda ya dawo daga tafiya a gidan? Wa ya yi jinyarsa, kuma yaya jikinsa yanzu? Aiki ne mai nauyi, ka sa matar da ke cikin takaba ta sake bin kwanakin ƙarshe na mijinta ɗaya bayan ɗaya. Amma da aka jera amsoshin sai suka riƙa kama da juna.

Ranar 8 ga Yuni Ministan Lafiya Osagie Ehanire ya bayyana sakamakon. An ƙirga mace-mace 979 a ƙananan hukumomi takwas na ƙwaryar birni, Tarauni na ciki. Idan aka raba, ana rasa mutum 43 a rana. Kashi 56 cikin 100 a gida suka cika, yawancinsu sun haura shekara 65, kuma tsakanin kashi 50 zuwa 60 korona ce ta kashe su ko ta tayar da ciwon da ke jikinsu ya ƙarasa su. Kwamitin gwamnatin jiha bai yarda ba, ya fitar da nasa lissafin da bai kai kashi 20 ba. Binciken baka ba gwajin ɗakin bincike ba ne, dole a samu saɓani. Amma idan aka haɗa shekarun mamatan, da alamomin da iyalansu suka faɗa, da likitocin da suka harbu, da yadda alƙaluma suka tashi da zarar an fara gwaji, ni lissafin tarayya ya fi kwanta min. Cutar ta shigo gari tun kafin a farga, ta sami masu suga da hawan jini ta kayar, sannan tsoronta ya rufe ƙofar asibiti a kan sauran.

A farkon Yuli aka ɗage kulle. Bayan an yi ruwa biyu ko uku na je maƙabartar Tarauni ziyarar dattijon layinmu. Na kasa gane kabarin, sai da wani mai haƙa ya raka ni. Ya nuna min wani dogon layi da ciyawa ta fara rufewa, ya ce duk waɗannan na kafin azumi ne da farkonsa. Ya ƙirga da yatsa daga bakin katanga, ya tsaya a kan na goma sha ɗaya, ya ce, "Ga shi nan, Malam. Ni na haƙa."